Ƙanat: Tarihin Sana'ar Jawo Ruwa ta Ƙarƙashin Ƙasa

Ƙanat hanyar ruwa ce da ake haƙawa a ƙarƙashin ƙasa, tun daga gindin tsauni har zuwa fili, domin ruwan da ke kwance a cikin ƙasa ya gangaro da kansa ya ɓullo a gona ko a tsakiyar gari. Ba a sa guga, ba a kafa jigo, ba a tayar da inji. Nauyin ruwan ne kaɗai ke tafiyar da shi, dare da rana, rani da damina. Ƙanat sunanta ne na Larabci, kuma shi ya fi yaɗuwa a Iran. A gabashin Iran da Afganistan da yammacin Sin ana ce mata karez, a Oman falaj, a Aljeriya da Libiya fogara, a Maroko kuma hattara. Wanda ya iya haƙa ta shi ake kira muƙanni, kuma sana'arsa tana cikin tsofaffin sana'o'in da har yau ba su mutu ba.

Ƙasar da ta haifar da sana'ar

Tsakiyar Iran fili ne busasshe da tsaunuka suka yi wa zobe, manyansu Alborz a arewa da Zagros a yamma. Ruwan sama kaɗan ne a filin, amma ƙanƙara tana sauka a kan tsaunukan lokacin sanyi. In ta narke sai ruwan ya biyo kwazazzabai, ya iso gindin tsauni inda tsakuwa da yashi suka taru shekara da shekaru, ya nutse. Daga nan yana ci gaba da tafiya a ɓoye, yana ratsa tsakanin ƙwayoyin yashi a hankali, yana bin gangaren ƙasa. Matsalar manomi ita ce, inda ruwan yake da daɗi yana da zurfi kuma wurin duk duwatsu ne, inda ƙasar noma take kuma ruwan da ke kusa sau da yawa gishiri ya ɓata shi. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Iran tonawar kaɗai ba ta wadatar, sai an san yadda za a kai ruwan inda ake bukatarsa.

Dabarar ta dogara ne da abu guda: fuskar ƙasa tana gangarowa daga tsauni da sauri, alhali ana iya haƙa hanyar ruwa wadda gangararta ba ta kai haka ba. Hanyar da ta fara da zurfin gaba da yawa a gindin tsauni, tana tafiya ƙasa tana sauko mata, har ta wayi gari a sarari.

Masana tarihi sun daɗe suna ɗaukar Iran a matsayin mahaifar ƙanat, wasunsu suna danganta farkonta da masu haƙar ma'adinai waɗanda ruwa ke cika wa ramuka, suka koyi yi masa hanyar fita. Binciken kufai a kudu maso gabashin yankin Larabawa, musamman a kewayen Al Ain, ya gano irin waɗannan hanyoyi da aka kimanta shekarunsu zuwa wajen shekara 1000 kafin Miladiyya, don haka wasu ke ganin an gano dabarar a wuri fiye da ɗaya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ta bunƙasa a zamanin daular Farisa ta farko, daga ƙarni na 6 zuwa na 4 kafin Miladiyya. Marubucin tarihi na Girka, Polibiyus, ya ba da labarin cewa sarakunan Farisa suna bai wa duk wanda ya kawo ruwa ƙasar da ba ta da shi damar cin amfaninta har zuriya ta biyar. A dausayin Kharga na Masar, a wani wuri da ake kira Ain Manawir, an tono ƙanat na ƙarni na 5 kafin Miladiyya tare da rubuce-rubuce a kan katangar tukwane, waɗanda ke ɗauke da yarjejeniyoyin mallakar ruwa.

Yadda muƙanni ke aiki

Aikin yana farawa da neman ruwa. Gwani yakan zaga gindin tsauni yana duba inda ciyawa ke yin kore a lokacin da sauran wurare suka bushe, da irin itatuwan da saiwarsu ke bin laima. In ya yi zato a wani wuri sai a haƙa rijiyar gwaji. Idan aka tarar da ruwa, akan yi kwanaki ana kwashe shi da guga ana lura da saurin dawowarsa. Wadda ta ci jarrabawa ita ce ake kira uwar rijiya, kuma a kanta dukkan lissafi ke ratayewa.

Daga nan sai awo. Ana zura igiya a auna zurfin ruwan, sannan a bi gangaren ƙasa gaba bayan gaba da sanduna da igiya ana ƙidaya yawan saukar da ƙasa ta yi, har a iso inda saukar ta zarce zurfin rijiyar da ɗan abin da ake so ya zama gangarar hanyar. A misali, idan ruwa yana mita 50 a ƙasa, kuma bayan tafiyar kilomita 10 ƙasa ta sauka da mita 60, to hanyar za ta sami gangarar mita 10 a tsawon tafiyarta, wato mita 1 a cikin kowace mita 1,000. Wurin da hanyar za ta ɓullo shi ne mazhar, kuma a nan gari ke kafuwa.

Haƙar ba daga uwar rijiya ake fara ta ba. Daga mazhar ake farawa a nufi tsauni, domin duk ruwan da aka ci karo da shi ya bi bayan ma'aikata ya fice, kada ya taru a kansu. Faɗin ramin bai cika kai mita 1 ba, tsayinsa kuma wajen mita 1 da rabi, daidai yadda mutum zai durƙusa ya sari ƙasa da gajeriyar diga. Bayan kowace mita 20 zuwa 50 akan haƙa rijiya daga sama ta sauko ta haɗu da ramin. Ta nan iska ke shiga, ta nan ake fitar da ƙasa, ta nan kuma ake sauka in gyara ya taso. A bakin rijiyar akan kafa gargaren katako mai naɗe igiya, mutum ɗaya ko biyu suna juya shi da hannu da ƙafa. Muƙanni yana sara, mataimakinsa yana cika gugan fata yana ja zuwa gindin rijiyar, na sama suna ɗagawa. Ƙasar da aka fitar ana zuba ta a kewayen bakin rijiyar ta zama ganuwa, don kada ambaliya ta kwararo ciki. Shi ya sa wanda ya leƙo daga jirgin sama yake ganin ƙanat kamar jerin suri a miƙe a cikin hamada.

A cikin duhun ramin, fitilar mai irin aci-balbal tana aiki biyu. Muƙanni yakan ajiye fitilu biyu a bayansa a kan layi, in ya waiwaya ya ga sun haɗu sun zama ɗaya, ya san bai karkace ba. Harshen wutar kuma shi ke gaya masa lafiyar iska: da zarar ya fara dusashewa, lokacin fita ya yi. Inda ƙasa take da taushi akan jera zobba na gasasshen yumɓu, ɗaya a jikin ɗaya, su tokare rufin. Duk da haka rami yakan rufta, iska takan ƙare, wani lokaci kuma ruwan da ya taru a rijiyar gaba yakan fashe wa mai sara a fuska. Muƙannai da yawa suna sa fararen tufafi, waɗanda ke taimakawa a hango mutum a duhu, kuma ana cewa suna ɗaukar su a matsayin likkafani in ajali ya riske su a ƙasa. Sana'ar gado ce, ɗa yana koya a bayan uba tun yana ƙarami, kuma muƙannan Yazd ta Iran sun yi suna har ana ɗauko su aiki daga garuruwa masu nisa.

Gangara da tafiyar ruwa

Wuyar aikin duka tana cikin gangara. In ta yi kaɗan, ruwa yakan yi sanyin tafiya, laka ta kwanta, hanya ta toshe. In ta yi yawa, ruwa yakan yi gudu yana tumbatsa, ya cinye gindin bango har rufi ya faɗo. Tsakanin waɗannan biyu muƙannai suka tsaya, galibi a kan mita 1 cikin 1,000 zuwa 1,500. Inda ƙasa ta tilasta gangara mai tsanani, sukan karkata hanyar su tsawaita ta, ko su gina wurin da ruwa zai faɗo a kan dutse ya karya ƙarfinsa.

Abin da suka sani da hannu, sai daga baya aka rubuta shi da lissafi. A shekarun 1770 injiniyan Faransa Antoine Chézy, yana nazarin hanyar da za ta kai ruwa birnin Paris, ya nuna cewa saurin ruwa a magudana yana bin gangara da zurfin ruwan da kaushin bango, kuma sai an ninka gangara sau 4 kafin sauri ya ninka sau 2. A 1883 Osborne Reynolds, a birnin Manchester na Ingila, ya zuba rini a ruwan da ke bin bututun gilashi. Da ruwan ke tafiya a hankali, rinin ya miƙe kamar zare. Da aka ƙara sauri ya wuce wani iyaka, sai zaren ya watse, ruwan ya hautsine. Ruwan magudana yana da irin wannan hautsini, kuma gwargwadon ƙaruwar saurinsa gwargwadon yadda yake gurzar bango yana ɗebe ƙasa.

Ramin ƙanat kashi biyu ne. Kashin da ke kusa da tsauni yana ƙasa da makwancin ruwa, don haka ruwa yana tsattsafowa ta bango da rufi yana taruwa. Sauran ramin aikinsa ɗaukar ruwa kawai, kuma a nan akan shafe ƙasansa da yumɓu don kada ya tsiyaye. Dokar tsattsafowar ita ce Henry Darcy ya bayyana a 1856, bayan ya yi gwaji da bututu cike da yashi a garin Dijon: yawan ruwan da ke ratsa yashi yana ƙaruwa daidai da bambancin tsayin ruwa a ɓangarorin biyu da kuma faɗin wurin ratsawa, yana raguwa in tazarar ta yi tsawo, kuma kowace irin ƙasa da nata saurin. Tsakuwa tana sakin ruwa, yumɓu yana riƙewa. Shi ya sa in ruwan ƙanat ya ragu, maganin da muƙanni ya sani shi ne ya ƙara tura ramin cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko ya yi masa rassa. A Ardestan ta Iran akwai ƙanat ɗin Mun mai hawa biyu, rami a kan rami, kowanne da ruwansa, saboda ƙasar da ke tsakaninsu ba ta barin ruwa ya wuce.

Girman wasu ayyukan yana nuna iyakar gwanintar. Ƙanat ɗin Ƙasabe a Gonabad ta kai kusan kilomita 33, uwar rijiyarta kuma wajen mita 300. Ta Zarch, a lardin Yazd, ta haura kilomita 70, da rijiyoyi fiye da 2,000.

Yaɗuwa gabas da yamma

Dabarar ta bi hanyoyin fatauci da na dauloli. A gabas ta kai Turfan, a yammacin Sin, inda ruwan ƙanƙarar tsaunukan Tiyan Shan ke shayar da gonakin inabi. A Oman mutane suna kiran tsofaffin hanyoyin masu zurfi da suna dawudi, saboda labarin da ake bayarwa cewa Annabi Sulaimanu ɗan Dawuda ne ya sa aljannu suka haƙa su. A Fazzan, kudancin Libiya ta yau, mutanen Garama sun haƙa fogara fiye da 500 a Wadi al-Ajal, suka kafa birane da gonaki a tsakiyar Sahara tun kafin zuwan Musulunci.

Zamanin daulolin Musulunci ya ƙara faɗaɗa ta. A farkon ƙarni na 9 Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta ɗauki nauyin jawo ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa domin mahajjata, aikin da ake kira Ainu Zubaida, wanda sarakunan Usmaniyya suka gyara suka ƙarasa da shi cikin Makka a ƙarni na 16. Masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa wani injiniya ne ya kawo hattara Marrakesh a zamanin Aliyu ɗan Yusufu, sarkin Murabiɗai, a ƙarni na 12. A Andalus, birnin Madrid ya dogara da irin waɗannan hanyoyi har 1858, lokacin da aka kawo masa ruwan kogi ta sabuwar magudana.

A kudancin Aljeriya, yankunan Tuwat da Gurara da Tidikelt sun rayu ne a kan fogara. A da nan ne zangon ayarin da ke haɗa Arewacin Afirka da Timbuktu da Agadas da Kano. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zauna a Tamantit ta Tuwat, kuma a yankin aka binne shi a farkon ƙarni na 16. Kaso mai yawa na wahalar haƙa da yasar fogarar Sahara ya faɗa ne a kan bayin da aka kawo daga kudu da zuriyarsu.

Shari'a da rubutu

Abin da ya ci dukiya da rayuka haka dole ya jawo shari'a. A ƙarni na 9 gwamnan Khurasan, Abdullahi ɗan Ɗahiru, ya ga rigingimun ƙanat sun yi yawa, ya tara malaman fiƙihu suka tsara littafi a kan hukunce-hukuncenta. Babbar ƙa'idar ita ce harimi, wato tazarar da ba a yarda wani ya haƙa rijiya ko sabuwar ƙanat a cikinta ba, don kada ya janye ruwan maƙwabci. A farkon ƙarni na 11 masanin lissafi Abubakar al-Karaji ya rubuta Inbaɗ al-Miyah al-Khafiyya, ma'ana fito da ɓoyayyun ruwaye. A ciki ya yi bayanin alamomin ruwa a ƙasa, da kayan awon gangara, da yadda ake daidaita rami a duhu, da gwajin daɗin ruwa. Ya kuma nuna cewa harimi ya kamata ya bi irin ƙasar wurin, domin sakakkiyar ƙasa tana janyo ruwa daga nesa fiye da tsauri.

Rabon ruwa

Ƙanat ɗaya takan zama mallakar gidaje da yawa, kowa da rabonsa, wanda ake gada, a sayar, a ba da haya ko a yi waƙafi da shi. Hanyoyin rabo biyu ne, da lokaci ko da yawa.

A Iran an fi rabo da lokaci. Ruwan gaba ɗaya yana zagaya gonaki bi da bi, a wurare da yawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A da mai kula da rabon, mirab, yakan zauna da daro cike da ruwa da ƙaramar tasa ta jan ƙarfe mai huda a gindi. Ya ɗora tasar a kan ruwan, tana ɗiba a hankali har ta nutse. Duk nutsewa ɗaya sai ya ajiye tsakuwa. In tsakuwoyin mai gona sun cika, a toshe masa a buɗe wa na gaba. A Gadamus, garin da fatakensa suka daɗe suna kasuwanci a Kano, an raba ruwan marmaron Ain al-Faras da irin wannan awo, mai tsaro yana ƙulla ƙulli a ganyen dabino duk lokacin da gugan awo ya tsiyaye. A Oman kuwa a al'adance inuwar sanda ce ma'auni da rana, fitowar taurari da dare, kuma kason da ake kira asar kimanin rabin sa'a ne.

A Tuwat da yawa ake rabawa. A bakin fogara akan kafa dutse mai haƙora kamar mataji, ƙasriya, kowace kafa tana zuba a tata magudanar. Mai awo, kiyal al-ma, yana da farantin jan ƙarfe mai huda manya da ƙanana. Yakan tare ruwa da laka, ya kafa farantin, yana buɗe wasu huda yana toshe wasu har ruwan ya tsaya cak a kan alama, sannan ya ƙidaya hudar da ke buɗe. Dagewarsa a kan tsayin ruwan ba banza ba ce. Evangelista Torricelli na Italiya ya nuna a 1644 cewa saurin ruwan da ke fita ta huda yana bin zurfin ruwan da ke bisanta. Huda ɗaya tana iya ba da ruwa daban-daban, in ba a daidaita tsayin ba.

Sauran amfani

Ruwan yakan yi aiki tun kafin ya iso gona. A kewayen Yazd an gina wuraren niƙa a ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ke cika doguwar rijiya mai tsukakken gindi ya fito da ƙarfi ya juya dutsen niƙa. Ƙarfin yana zuwa ne daga tsayin ruwan, ba faɗin rijiyar ba, kamar yadda masani Simon Stevin ya rubuta a 1586. A awon yau, kowace mita 10 ta ruwa tana danna kimanin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Inda hanya ta ci karo da kwari, akan nutsar da ita ta ƙarƙashi ta taso a ɗaya gefen, ginin da ake kira shotor-galu, wato maƙogwaron raƙumi. Yana aiki ne bisa ƙa'idar da magina ke amfani da ita in sun auna daidaiton harsashi da tiyo mai ruwa: ruwa yana neman komawa tsayin da ya baro. A cikin gari kuma akwai matakala da ke sauka zuwa ruwan domin alwala da wanki, da manyan tankunan ajiya, da hasumiyoyin kama iska da ke jawo sanyin ramin zuwa ɗakuna.

Zamanin injin famfo

Ƙanat tana da aibinta. Haƙarta takan ci shekaru, tana bukatar yasa a kai a kai, kuma ba a iya rufe ta, don haka ruwan lokacin sanyi yakan tafi a banza, sai a wurare irin su Vazvan inda aka gina madatsa a cikin ramin. Amma ba ta iya ɗibar abin da ya wuce wanda ƙasa ta kawo mata. In an yi fari ta ragu, in ƙanƙara ta yi yawa ta ƙaru.

Wani ƙiyasi da aka buga a 1968 ya ce Iran tana da ƙanat kusan 22,000, masu ba da kashi 75 cikin 100 na ruwan da ƙasar ke amfani da shi. A lokacin sauyi ya riga ya kankama. Gyaran dokar mallakar ƙasa da aka fara a 1962 ya rarraba manyan gonaki, masu dukiyar da ke biyan muƙannai suka janye hannu. Rijiyar burtsatse kuma ana gama ta cikin makonni, a kunna a kashe yadda ake so. Injin yana zuƙo ruwa fiye da yadda yake dawowa, makwancin ruwa ya yi ƙasa, kuma da zarar ya sauka ƙasa da gindin ramin, ƙanat ta ƙafe ko da ba abin da ya taɓa gininta. Haka ya faru a Tuwat da Marrakesh da Balocistan da Turfan. Girgizar ƙasar Bam ta 26 ga Disamba 2003 ta ƙara rusa da yawa a wannan yanki na Iran.

Duk da haka dubbai suna gudana har yanzu. Hukumar UNESCO ta sanya falaj 5 na Oman cikin jerin kayan tarihin duniya a 2006, a lokacin da kusan 3,000 ke aiki a ƙasar, sannan ta sanya ƙanat 11 na Iran a 2016, ciki har da na Gonabad da Zarch da Mun da Vazvan. A Yazd akwai cibiyar ƙasa da ƙasa mai nazarin ƙanat, da gidan tarihin ruwa inda aka ajiye kayan aikin muƙannai. Masu gyara na yau suna amfani da injin ɗaga ƙasa a madadin gargaren katako, da zobban siminti a madadin na yumɓu, da fitilar batir. Shiga ramin da sarar ƙasa a durƙushe kuwa har yanzu aikin mutum ne, kuma yawancin waɗanda suka iya shi dattawa ne.